Wadda Aka Ce Ta Sace Wa Coci Fada

Delfina Archuleta ba ta kai ga ajiye jakarta ba Doña Crucita ta tare ta a ƙofar ɗakin ajiya na cocin Santa Rita.

Safiyar Alhamis ce ta Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, ranar da matan garin Agua Clara ke sauko da siffar Maryamu daga gefen bagade, su cire mata shuɗin kaya su sa mata baƙaƙe. Shekara tara ke nan Delfina na cikin mata huɗun da ke wannan aiki, kuma su ne ke ɗaukar siffar a kafaɗa washegari. Gurbin mahaifiyarta ta gada. Baƙin mayafin da za a yafa wa Maryamu ma marigayiyar ce ta ɗinka shi da hannunta.

"Bana an ba Rosela Quintana wurinki," in ji Doña Crucita, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Koma gida."

Delfina ta leƙa ta saman kafaɗarta. Matan da ke ciki duk sun sunkuya, kowace ta samo abin gogewa.

"Nina, me na yi?"

Haka take kiranta tun tana koyon magana, don Doña Crucita ce ta riƙe ta a hannu ranar da aka yi mata baftisma.

"Kar ki ƙara kirana da sunan nan. Hannun da ya ɗauke abin da aka ajiye wa Allah ba zai taɓa Uwar Yesu ba, muddin makullan cocin nan suna hannuna."

Babu wanda bai san abin da take nufi ba. Isidro, ɗan Doña Crucita tilo, ya shekara shida a makarantar horar da Fada, wato limamin coci. Yana jariri ciwon haƙarƙari ya kusa tafiya da shi, uwar ta durƙusa a gaban bagaden nan ta yi alwashin in ya tashi, na Allah ne. Ya kuwa tashi. Agua Clara rabonta da haifar Fada tun zamanin kakanni. Fada Anselmo da ke zuwa musu coci uku yake zagayawa, sai ya yi mako biyu ba su sa shi a ido ba. Don haka Isidro ya zama ɗan kowa. Tsofaffin mata har sun fara saƙa bakin farar rigar da zai sa ranar naɗi, sai ga shi ana saura mako biyu Kirsimeti ya sauko daga mota da akwati biyu, ya ce ya dawo ke nan.

Ranar Larabar Toka, da ake shafa toka a goshi a fara azumi, aka gan shi ya raka Delfina daga coci zuwa makarantar firamaren da take koyarwa. Kafin tokar ta goge daga goshin mutane an gama yanke hukunci.

Delfina ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta ce to a ba ta mayafin uwarta ta tafi da shi, tunda hannunta ya zama ƙazanta, ai ɗinkin gidansu ma ƙazanta ne.

"Mayafin na coci ne," in ji Doña Crucita. "Uwarki kuwa ki gode Allah ba ta ga wannan rana ba. Da ita za ta fara koro ki."

Wata daga ciki ta ja numfashi. Delfina ta buɗe baki, amma abin da ya zo mata ba na faɗa a coci ba ne. Ta haɗiye shi, ta juya, ta fita ba ta ko tsoma yatsa a ruwan albarka ba.

A gida ta tarar da mahaifinta, Don Abrán, yana sa wa shebur sabuwar ƙota. Da ganin yadda bai ɗago ba ta gane ya riga ya sani.

Bai yi musu ba. Ya ce tun Lahadin Ganyen Dabino, farkon makon nan, aka gaya masa, ya rasa ta inda zai fara. Daga nan ya shiga zazzage abin da ya tara tsawon azumin nan. In ya shiga kanti, maza su yi shiru. Iyaye biyu sun je sun ce a canza wa 'ya'yansu aji. Shi da ya shekara talatin yana ɗaukar siffar Yesu ranar Juma'a, bana sai da aka yi taro kafin a bar masa wurinsa.

"Baba, ka taɓa tambayata ko gaskiya ne?"

"Gaskiya ko ƙarya, 'yata, a garin nan za mu ci gaba da zama."

Sannan ya kawo maganar da ta san ita ce a ƙarshe. Mako biyu ke nan da mahaifin Leandro Quintana ya kawo takardar neman aurenta, da hularsa a hannu, yadda ake yi tun da. Har yanzu takardar na ƙarƙashin kwanon sukari tana jiran amsa. Ya ce ba tilasta mata zai yi ba, shekararta ashirin da shida, ba yarinya ba ce. Amma Leandro na da shanu, yana da gida, ba ya shan giya, kuma ranar da aka ji an sa musu rana, ranar bakin kowa zai mutu.

Bai rufe baki ba motar Leandro ta tsaya a ƙofa. Ya shigo da buhun busasshen barkono wai mamarsa ta aiko, ya gaishe da tsoho, ya juyo wurin Delfina da murmushin mai rabon sadaka. Ya ce ya ji abin da ya faru a coci, ransa bai so ba, ƙanwarsa Rosela ma ba ita ta nema ba.

"Ni dai ki sani, abin da ake faɗa a kanki bai dame ni ba. Ko yaya kike zan karɓe ki."

"Me ake faɗa?"

Ya yi 'yar dariya, ya dubi Don Abrán.

"Ni kake yi wa magana, ni za ka duba. Me ake faɗa, Leandro? Faɗa mini a gaban ubana, in ji abin da kake shirin yafe mini."

Ya sake duban Don Abrán. Ta ce ya ɗauki barkononsa, gidan nan akwai abin da ya fi shi yaji. Mahaifinta ya kira sunanta da muryar gargaɗi, amma ta riga ta fice.

Ta san inda za ta sami Isidro. Tun da ya dawo yake bin maza yashe babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma ko an tashi aiki shi ba ya tashi, don kar ya koma gida da wuri. Ta same shi bayan gonar tuffa ta su Lucero, tsaye cikin laka har ƙauri.

Da ya gan ta fuskarsa ta washe. Da ya ga idonta, sai ya kafa shebur ya hauro.

Ta gaya masa komai, ba ta rage ko kalma ba, har maganar uwarta. Ya rufe ido. Ya ce ta yi haƙuri, Mama ba ta cikin hayyacinta, a bar Ista ta wuce.

"Da ka ce a bar Larabar Toka ta wuce. Ta wuce. Ka ce a bar azumi ya yi nisa. Ga shi ya ƙare. Bayan Ista kuma me za mu jira, Fentikos?"

"Delfina."

"Kwana arba'in ina ɗauke da asirinka, Isidro. Mutane sun bar nama, sun bar sukari, ni mutuncina na bari."

Asirin kuwa shi ne, ba Isidro ne ya bar makarantar ba. A watan Nuwamba shugaban makarantar ya kira shi ofis, ya ce sun shekara shida suna dubansa, ba su same shi da laifi ba, amma alwashin uwarsa yake cikawa, ba kiran Allah yake amsawa ba. Ya sallame shi da albarka, ya ba shi takarda. Isidro ya ce ranar ce ya fara numfashi kamar mutum. Duk wannan ya faru wata uku kafin ya taɓa yi wa Delfina maganar da ta wuce gaisuwa. Ita kaɗai ya gaya wa, kuma ya roƙe ta kar ta faɗa.

"In ta ji cocin ne da kansa ya ce ban dace ba, mutuwa za ta yi," in ji shi. "Shekara ashirin da bakwai tana rayuwa a kan wannan alwashi. Ba ta da miji, ba ta da wani ɗa. Me zai rage mata?"

"Shi ya sa ka ba ta ni ta ci."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka ga ta fi jin sauƙin tsanar mace da ta ji gaskiya, sai ka yi shiru. Kullum ka zauna ka ci abincinta tana zagina, kai kana tauna." Hawaye suka zubo mata, ta share su da bayan hannu da ƙarfi, don haushin kanta take ji da suka zubo. "Ni kuma ba ni da uwa, Isidro. Ita nake kallo a matsayin uwa. Ita ta koya mini addu'ar farko, ita ta yi mini kitso ranar da aka binne Mama. Yau ta dube ni kamar karen da ya shigo coci."

Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙo hannu, ta ja baya. Ya rantse mata da kabarin ubansa cewa ita yake so, tun suna yara a ajin koyon addini na coci ita yake so, shekara shida yana roƙon Allah ya cire masa ita a rai bai cire ba.

"Wannan na sani," in ji ta. "Ba son nake tambaya ba. Gobe kafin rana ta faɗi ka gaya mata. In ba ka iya ba, kar ka ƙara tsayawa inda nake."

Ya kalli lakar da ke takalminsa, ya ce zai gaya mata.

Ranar Juma'a ba a buga ƙararrawa, da katako ake kaɗa wa mutane kira. Delfina ta sa baƙar riga ta fito, duk da mahaifinta ya ce da ta zauna a gida.

Maza suka taso daga bakin maƙabarta ɗauke da siffar Yesu da gicciyensa, mata suka fito daga coci ɗauke da Maryamu, ana waƙar makoki, za a haɗu a tsakiyar fili inda uwa ke gamuwa da ɗanta a hanyar mutuwa. Delfina ta tsaya can baya kusa da shinge. Inda ta tsaya sai da aka bar mata fili kamar mai ƙyanda. Ta ga Rosela a gurbinta, kafaɗa a karkace, mayafin na jan ƙasa ta gefe guda babu wadda ta gyara.

Da aka sunkuyar da siffofin biyu fuska da fuska, mata suka fashe da kuka kamar kowace shekara. Doña Crucita ta fi kowa. Ta zube a gwiwa tana dukan ƙirji, ana riƙe ta, mutane na satar kallon Delfina. Ita kuwa idonta a bushe. Isidro take nema, ta hango shi cikin maza, fuskarsa ta yi fari fat.

Bayan an gama aka wuce zauren coci cin abincin azumi. Daga kicin ba wanda ya kore ta, don ana bukatar hannu. Wake, alayyafo, wainar ƙwai cikin jan barkono, da manyan tire na panocha, faten tsiron alkamar nan mai zaƙi da ba a yi sai a wannan mako. Tana yanka shi ne Isidro ya shigo riƙe da hannun uwarsa. Ya roƙi matan da ke ciki su ba su wuri. Suka fita suna jan ƙafa, kuma Delfina ta san bayan ƙofa kawai suka koma.

"In don wannan ka kawo ni, ba ni da abin ji," in ji Doña Crucita.

"Mama, zauna."

"A tsaye zan ji."

Ya faɗa. Ya faɗa duka: ofishin shugaba, maganar da aka yi masa, takardar, watan da abin ya faru. Ya ce Delfina ba ta san komai ba sai bayan ya dawo, kuma shi ya hana ta magana. Delfina ta ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinta ya fara saki. Ta ajiye wuƙar. Har ta matso, don ta tare tsohuwar in ta yi luu za ta faɗi.

Doña Crucita ba ta faɗi ba. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ka gama? Takardar da ke cikin aljihun akwatinka, ƙarƙashin safa? Ni na kwashe maka kayan wanki ranar da ka dawo. Na karanta ta kafin ka gama wanka."

 Daga zaure ana jin ƙarar cokula.

"Kin sani," in ji Delfina. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Tun kafin Kirsimeti kin sani."

"Na sani."

"Kika bar gari ya ci namana. Kika tsaya jiya a ɗakin Allah kika kira sunan uwata."

"Shugaban makaranta mutum ne, yana kuskure. Da an bar yaron nan shi kaɗai, da ya huce ya nemi wata ƙofa. Ke kika tsaya masa a hanya. Ba ke kika fito da shi ba, na yarda, amma ke kika hana shi komawa. A wurina duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Nina, kuma kin san ba ɗaya ba ne. Ba ki iya faɗa da Bishop, ba ki iya faɗa da Allah, sai kika duba wa za ki iya, kika ga marainiyar da kika goya." Delfina ta matso kusa da ita. "Ɗazu kina birgima a ƙasa kina kuka don an yi wa marar laifi ƙazafi. Na ɗauka don Yesu kike kukan."

Isidro ya ce ta sassauta, uwarsa ce. Ta ce ai ta sani, shi ya sa ta tsaya a nan.

Karon farko maganar ta taɓa Doña Crucita. Amma ta daure, ta gyara mayafinta, ta dubi ɗanta.

"Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ka ƙarasa mana. Ka gaya mata ta Litinin."

Isidro ya ce, "Mama, don Allah."

"Wace Litinin?" in ji Delfina.

Tsohuwar ce ta ba ta amsa. Ta ce tun Janairu take rubuta wa gidan masu zuhudu da ke can saman kogi, inda maza ke shiga su rufe ƙofa da duniya. Sun amsa. Sun ce su ba ruwansu da takardar wata makaranta, ya zo ya zauna da su su gani. Motarsu za ta sauko sayayya ranar Litinin bayan Ista, za ta biyo ta nan. Ta nuna masa amsar tun Lahadin Ganyen Dabino, suna dawowa daga coci.

"Tambaye shi me ya ce mini."

Delfina ta juya gare shi. Lahadi. Ke nan jiya, da yake tsaye a bakin ruwa yana rantse mata da kabarin ubansa, maganar na cikinsa.

"Ka ce mata a'a?"

Ya kawar da kai.

"Isidro, tambaya ɗaya na yi maka. Ka ce a'a?"

"Tana kuka ne, Delfina. Ta ƙi cin abinci kwana biyu. Ba zuwa zan yi ba, na rantse miki, don dai ta kwantar da hankalinta ne."

"Me ka ce mata?"

"Na ce zan yi tunani."

Ta gyaɗa kai a hankali.  Ya shiga magana da sauri, wai ta ba shi zuwa Lahadi, wai ai ta ga yau ya yi abin da ta ce, wai mutum ba ya yanke wa uwarsa igiya biyu rana ɗaya. Ba ta jin sa sosai. Kallonsa kawai take, dogon saurayin da ta yi azumin mutuncinta dominsa, yana tsaye tsakanin mata biyu yana neman maganar da za ta yi wa kowace daɗi.

Ta kwance ɗamarar girkinta ta ninke, ta ɗora a kan tebur.

"To ka yi tunaninka," in ji ta.

Ta tura ƙofa, matan da ke maƙale a bayanta suka watse. Zauren cike yake maƙil. Ta ratsa tsakanin tebura kanta a sama, ana juyowa ana kallonta, har ta isa inda mahaifinta ke zaune a ƙarshen benci, shi kaɗai, farantinsa bai taɓa ba. Tebur ɗaya ne tsakaninsa da su Quintana. Ta ji takun Isidro a bayanta, ta ji ya kira sunanta, kuma jin muryar tasa ne ya ƙarasa ingiza ta.

"Baba," ta ce, da muryar da take yi wa 'yan aji magana, wadda ke kaiwa bangon baya. "Ka gaya wa su Leandro su zo gida ranar Lahadi bayan an tashi coci. Za su sami amsarsu."

Cokula suka tsaya. Don Abrán ya ɗago yana dubanta, bai gaskata kunnensa ba.

"Wace amsa, 'yata?"

A nan ne ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta so ta janye, ta ce wasa take, ta ce fushi ne. Amma Leandro ya riga ya miƙe yana goge baki, mahaifinsa na miƙo wa Don Abrán hannu ta saman tebur, gari guda kuma ya zuba mata ido. Ta waiwaya sau ɗaya. Isidro na tsaye a tsakiyar zaure, uwarsa ta iso ta kama masa hannun riga.

Da ya fizge hannun, da ta fasa. Ta ba shi lokaci, ta ƙirga numfashi uku.

Bai fizge ba.

"Amsar da kake so, Baba," in ji Delfina.